Ficin Da Na Gyara Wa Dogo

Wato ku samarin nan kuna ba ni mamaki. Juma'a ɗaya tak kuka biyo yayanku Kabiru zuwa filinmu na bayan Jebel Ali a nan Dubai, kuka same ni riƙe da tiyo, shi ke nan kun yanke hukunci: Baba Haladu ya tsinci dami a kala, ana biyansa dirhami don ya ba ciyawa ruwa. Har da mai cewa in na tashi komawa gida in bar masa kujerar. Wace kujera? Shekara arba'in da 'yan kai ina wannan sana'a, ban taɓa ganin mai gyaran filin kurket a zaune ba sai in ƙafa ta ƙi. To, tunda kun cinye tuwon kuma babu mai niyyar tashi, ku ajiye wayoyin nan in gaya muku abin da kuke kira ban-ruwa.

Duk faɗin filin nan da kuka gani kore shar, ado ne. Aikin yana tsakiya, a wata 'yar doguwar shimfiɗar ƙasa mai tsawon yadi ashirin da biyu, wadda muke ce wa fici. A ƙarshensa akwai sanduna uku a kafe, mai bugu yana tsaye gabansu da katakonsa yana kare su. Mai jifa ya sheƙo da gudu daga ɗaya ƙarshen, ya doka ƙwallo a ƙasa, ta yi tsalle ta nufi mai bugu. Ƙwallon kuwa ba irin taku ta ƙafa ba ce. Fata ce aka ɗinke a kan abu mai tauri, in ta sami mutum a haƙarƙari sai ya kira sunan kakarsa. Yadda za ta tashi bayan ta taɓa ƙasa, ko ta tsaya a gwiwa, ko ta kai ƙugu, ko ta nemi maƙogwaro, ba mai jifa kaɗai ke yanke wannan ba. Rabin hukuncin yana hannun wanda ya gyara ƙasar tun kwana goma kafin ranar.

Aikin farko da na yi a hannun maigidana Baba Audu, Allah ya jiƙansa, a wani tsohon kulob a Kaduna, shi ne farfasa suri. Da ƙasar suri muke yin fici a can, don gara ta riga ta tace ta, ta fi kowace laka kama jiki. Mu sare shi da diga, mu kwaso a baro, in zauna in daka, in tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwon biki. Daga nan sai rola, wani ƙaton ƙarfe da Turawa suka bari, na mutum biyu ne amma ni kaɗai nake turawa. Shekara uku ina tura rola kafin ya yarda in taɓa tiyo. Da na yi ƙorafi sai ya ce rola ko jaki zai iya ja, amma ruwa sai mai hankali, shi kuma har yanzu bai gama tantance wanne ne ni a ciki ba.

Kayan awonsa uku ne: makullin ɗakinsa, tafin ƙafarsa, da kunnensa. Ya soka makulli a fici ya ji yadda ƙasa ta karɓe shi. Ya taka ba takalmi daga wannan kai zuwa wancan, ya gaya maka inda ruwa ya kwanta jiya. Ya saki ƙwallo daga saitin kansa, ba ya ma kallonta, saurare yake yi. Amma karatun farko da ya dasa mini shi ne: kafin ka ɗebo ruwa, tambayi wa zai tsaya a kai. In 'yan makaranta ne ko ma'aikatan masaƙa, ka aske ciyawa tas, ka rage rola, ka ba su fici mai ladabi wanda ƙwallo ba za ta wuce ƙugu ba. In ƙwararru ne, to ka saki hannu. Ya rasu yana alfahari da abu ɗaya, cewa ba a taɓa ɗaukar mutum daga kan ficinsa an nufi asibiti ba. Wannan alfaharin shi ne kaɗai gadon da ya bar mini, na kuwa riƙe shi da kyau.

Da masaƙu suka rufe, Indiyawan da ke wasan suka watse, filin ya koma wurin bikin aure. Na yi shekaru ina gyaran furanni a gidajen manya. A 2016 wani tsohon manajan masaƙa da ya san aikina, wanda ya dawo nan yake kula da wani filin wasa, ya aiko a nemo ni. Ranar da na fara aiki aka buɗe kwantena a gabana, buhuna har sama. Na zaci shinkafa ce. Ashe baƙar laka ce daga Pakistan, aka biya mata kuɗin jirgin ruwa. Na riƙe baki na ce ikon Allah, garin da har turɓaya sai an yi mata biza! Na ɗibi kaɗan na jiƙa da yawu na murza a tafin hannu, ta yi santsi kamar man shanu, da ta bushe kuma ta koma kamar ƙarfe. Wallahi a ranar na yi ta tuna Baba Audu, da ma ya ga wannan ƙasa.

Sai dai Dubai ba ta ba ka abu ta bar ka ka huta. Ka ba da ruwa da safe, kafin azahar gishiri ya taso fari fat a saman fici. Iska ta kwaso rairayi ta zuba maka a kan aikin kwana uku. Rana kuwa, in ka yi sakaci na yini ɗaya, ƙasa za ta tsage har ka sa yatsa. Na koyi ban-ruwa sabo fil ina da shekara hamsin da biyar. Amma akwai rola mai inji wadda ake hawa, akwai injin aske ciyawa da ke yanka daidai da yadda ka saita shi, akwai fici shida jere da juna, kowanne da lambarsa.

Masu zuwa mana kuwa 'yan ƙaramin rukuni ne, na can ƙasan gasar kulob-kulob: direbobin tirela, masu gadi, akawuna, ma'aikatan sito. 'Yan Indiya, Pakistan, Bangladesh, Sri Lanka, sai Kabiru guda ɗaya tilo, wanda ya koyi wasan a makarantar kwana a Zariya, yake aikin kago, wato jigilar kaya, a Port Saeed, har suka naɗa shi kyaftin. Motar kamfani ta sauke su da sassafe ranar Juma'a, mutum goma sha ɗaya da jakar kaya ɗaya. Hular kwano uku, safar hannu wadda ta ga zamani, wanda ya fita ya cire ya miƙa wa mai shiga. Su nake yi wa fici mai ladabi, shekara huɗu cur, kowa ya buga ya yi dariya ya koma aiki ran Asabar da haƙoransa cikakku. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin yana damuna. Ga laka, ga rola, ga hannu, ban taɓa yin fici na gaskiya ko sau ɗaya ba. Kamar tela ne da aka ba shi shadda aka ce ya yi ta ɗinka rigunan makaranta.

Shekarar korona kuwa, kada Allah ya maimaita mana. Aka rufe fili aka sa kwaɗo. Mu bakwai ne masu aikin, aka sallami biyar, albashin sauran aka raba shi biyu. Ciyawa ba ta san da dokar kulle ba. A tsakiyar zafin nan da ko tsuntsu ba ya tashi, ina fitowa da asuba in jawo tiyo, in lulluɓe fici da jiƙaƙƙun buhunan algarara don kada ya tsage, in sake dawowa da la'asar. Wata biyar ina gyara filin da babu mai taka shi. Wani lokaci in tsaya a tsakiya in saki ƙwallo ni kaɗai don dai in ji ƙarar.

Da aka buɗe, sai ga wani sabon salo. Ƙwararrun 'yan wasa, waɗanda kurket ce abincinsu, an soke musu gasanni, da yawa suna zaune a garin nan ba aiki. Masu kamfanoni da ke son ganin kofi a ofis suka fara ɗauko su. A rubuta sunan mutum a matsayin ma'aikacin sito, ranar Juma'a ya fito cikin rigar kamfani ya yi wa direbobi kaca-kaca. Rigima ta tashi. A nan gidan tuwon Al Buteen, kan teburin can na kusa da fanka, Kabiru ya yi ta kumfar baki. Ya ce su daga albashinsu suke haɗa kuɗin fili don su sha iska, ba don a kawo musu wanda zai cinye wasa kafin shayi ya huce ba, kuma wata rana sai an kashe wani. Wasu suka ce a'a, ina direban tirela zai taɓa tsayawa gaban irin waɗannan in ba yanzu ba, kuma su ma ƙwararrun da bakin ci a gida. Aka juyo kaina. Na ce ni mai rola ne, ba a tambayar rola ra'ayi. Ƙarya nake yi, ina da ra'ayi, so nake in gani da idona.

Wata Talata da hantsi, farkon 2021, ina share fici na huɗu sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa. Wani Bapakistane ne, mutumin duwatsu, sunansa ya fi ƙarfin bakina, na sa masa Dogo ya kuwa amsa. Abin da ya fara yi shi ya saye ni: ya cire takalmi kafin ya hau fici. Ya taka shi daga kai zuwa kai, ya durƙusa ya danna babban yatsa, ya ɗebi ɗan ɓurɓushi ya sansana. Tun Baba Audu ban ga mai yin haka ba. Da guntun Turancina da guntun nasa muka fahimci juna. Mai jifa ne, na gudu, ya yi wasa a manyan filaye. Gwiwa ta ba shi matsala, aka yi masa aiki, ya yi shekara biyu a gefe, da ya warke kuma cuta ta rufe duniya. Shekararsa talatin da ɗaya, a sana'arsu wannan yamma ce. Wani mai zaɓen 'yan wasa na wata babbar ƙungiya yana gari, ya yarda ya zo ya kalle shi sau ɗaya, Juma'a ta sama, a wasan da kamfanin da ya ɗauke shi zai yi da su Kabiru. In ya burge, ya koma sana'arsa. In bai burge ba, khalas, shi ke nan. A kan fici mai ladabi kuwa, shi da direban tasi duk ɗaya za su zama.

"Chacha," haka suke ce wa dattijo, "ka ba ni ƙasa ta gaskiya rana ɗaya. Na rantse ba zan taɓa jikin kowa ba."

Na san abin da Baba Audu zai ce. Na kuma san abin da zuciyata ke cewa tun shekara huɗu. Na tambayi kaina wa zai yi jifa a kai, na ga amsa a tsaye gabana ba takalmi. Na ce masa to.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar na jiƙa fici na huɗu har ruwa ya kai tsawon hannu a ƙasa, na rufe shi ya kwana biyu yana sha. Da saman ya sha iska, yadda in ka danna yatsa zai yi alama amma ba zai manne ba, na fara da ƙaramar rola, shwaiya shwaiya, wato a hankali, tsaye da kuma gicciye. Rana ta huɗu na hau babba. Minti ashirin da safe, minti ashirin da yamma, ba ƙari, don in ka zarce laka za ta mutu a hannunka. Ciyawa ban aske ta tas ba, na bar mata tsawon ƙwayar shinkafa, ina taje ta da buroshi kullum don ta tsaya. Rana ta bakwai makulli ya fara gardama. Rana ta tara ya ƙi shiga sam. Na saki ƙwallo daga saitin kaina, ta ce ƙwal, ta dawo mini har ƙirji. Fici yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, na tsaya ina kallonsa har aka kira magariba.

Ranar Juma'a Kabiru bai leƙa tsakiya ba sai da za a jefa kwabo don a san wa zai fara bugu. Ku riƙe wannan, doka ce a wasan: da zarar kwabo ya faɗi ƙasa, fici ya fita daga hannun mai gyara, ya koma hannun alƙalan wasa. Ko ɗigon ruwa ba ka da ikon zubawa. Kwabo ya faɗi, su Dogo suka ci, suka zaɓi fara jifa. Sai a lokacin Kabiru ya ƙwanƙwasa katakonsa a ƙasa, ya ji ƙarar, ya dubi koren da ke kai. Ya tako har inda nake tsaye jikin rola.

"Baba, me muka yi maka?"

Na ce masa ya sa hular kwano mai kyaun, kada ya bar wa abokin bugunsa. Ya yi mini wani kallo da har yau ban manta ba, ya juya. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Dogo ya ƙirga takunsa ya yi baya, ya yi ta tafiya har na zaci fita zai yi daga filin. Mai kama ƙwallo a bayan sanduna, wani akawu mai ɗan tumbi, Dogo ya ce masa ya ƙara matsawa baya, ya ƙara, ya ƙara. Sannan Dogo ya taso. Ku da kuke kallon abin nan a waya ba ku san komai ba. Gudun ba na gaggawa ba ne, a hankali ya fara, yana ƙaruwa, ƙafafun kamar ba sa taɓa ciyawa. Hannu ya zagayo. Ban ga ƙwallon ba, wallahi ban gan ta ba. Wani fito na ji a iska, sai ƙwal a ƙasata, sai fam a hannun akawu, saitin fuskarsa. Ta wuce Kabiru ta gefe, nesa da jikinsa da kamu biyu, bai ma kai ga ɗaga katako ba. Direbobin da ke shan shayi a inuwa duk suka miƙe tsaye. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, tsoron ya gudu, hawaye ne ya cika mini ido. Ashe haka ƙasa take magana in ta sami mai yi mata tambaya.

Jifa iri biyu kawai ya yi ta yi. Ko dai ya aika ta gefe, ta tashi har ƙirji inda babu jikin kowa, don baƙon nan mai zaɓen 'yan wasa da ke zaune da baƙin tabarau ya ga gudu da tsalle. Ko kuma ya sauke ta dab da ƙafar mai bugu, inda ba ta da sararin tashi, ta nufi sanduna kai tsaye. Kabiru ya jure ƙwallo tara. Ɗaya ma ta goge gefen katakonsa ta fice har iyakar fili, aka rubuta masa maki huɗu, wanda har gobe yake ba ku labari kamar da gangan ya yi. Ta goma ta tumɓuke sandar tsakiya, ta yi ta juyi a sama kafin ta faɗi, in kuwa sanda ta faɗi mai bugu ya fita ke nan. Ya tsaya yana kallonta, sai ya fashe da dariya, ya cire hula ya ɗaga wa Dogo. Jifa ashirin da huɗu doka ta ba kowane mai jifa a irin wannan wasa. Ya yi su, ya fitar da mutum biyar, ko rigar wani bai taɓa ba.

Da aka je hutun canji, an yarda mai gyara ya shiga ya share ya sabunta farin layi. Na shiga da tsintsiya. Sabuwar ƙwallo tana barin ɗan jan tabo duk inda ta sauka, mu kuma karatunmu ke nan. Na duƙa na duba. Tabon Dogo wuri biyu ne kawai, kowanne faifai ɗaya zai rufe shi. Tsakaninsu akwai wurin da in ƙwallo ta sauka a irin wannan fici, kan mutum take nema. Wurin nan fes yake, ko ɗigo babu. Mutum yana gudu iya ƙarfinsa, rayuwarsa tana kan jifan, amma sau ashirin da huɗu yana tsallake wannan wuri saboda alkawarin da ya yi wa wani tsohon Bahaushe. Na ce Subhanallahi, wannan ba ƙarfi ba ne, ilimi ne. Na hango baƙon yana dafa kafaɗarsa. Dogo ya wuce ta kusa da ni ya ce an ce ya zo Litinin likita ya duba shi a sa hannu.

Ina can ina murna, na manta abin da yaron shekara ɗaya a sana'ar nan ya sani: fici ɗaya ƙungiya biyu ke hawa. Na tambayi wa zai yi jifa, ban tambayi wa zai yi bugu ba. Su Kabiru ba su tara makin kirki ba, kowa ya ɗauka minti talatin za a gama. Amma abokan Dogo su ma direbobi ne da masu gadi, ba su taɓa ganin ƙwallo ta taso musu haka ba. A ƙungiyar Kabiru akwai Salim, mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito, ƙaƙƙarfa, mutumin kirki, wanda in ya saki ƙwallo shi kansa sai ya tsaya ya ga inda za ta sauka. A fici mai ladabi jifansa ba ya cutar da ko ƙuda. Ran nan sai ga ta tana tashi kamar an tsikare ta. Suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai mutum na ƙarshe, saura maki huɗu su ci wasa. Na ƙarshen nan Dogo ne.

Baƙon ya ɗaga masa hannu, alamar ya zauna, ba sai ya shiga ba. Amma mai kamfanin yana tsaye yana ta yalla yalla, wato maza maza, abokan wasansa goma sun zuba masa ido. Bai zo da kayan bugu ba, takalmin jifa kawai ya kawo, don bai taɓa tsammanin za a kai gare shi ba. Ya sa hannu a jakar kowa-da-kowa, ya zaro safar da wanda ya fito ya jefa, mai jiƙe da gumi, audugar yatsun duk ta kwanta. Na gan shi yana sa ta. Na yi taku biyu zan shiga, alƙalin wasa ya dube ni, na tsaya.

Jifan Salim na farko ya tafi can gefe. Na biyu ya sauka daidai wurin nan da Dogo ya yini yana tsallakewa. Ƙasata ta yi abin da na kwana tara ina koya mata. Ƙwallo ta miƙe ta nufi fuskarsa, ya ɗaga hannu ya kare, ta matse yatsunsa na dama a jikin mariƙin katako. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Bai yi ihu ba. Ya ajiye katako a hankali, ya zare safar da haƙori, ya tsaya yana kallon manuniya da na tsakiya, yatsu biyun da ake riƙe ƙwallo da su. Salim ya durƙushe a tsakiyar fici ya ɗora hannu a ka. Motar Kabiru ce ta kai shi asibiti.

Bayan sati biyu shugabannin gasar suka yi taro a wani otal a Port Saeed, aka kira ni in ba da shaida. Suka yi ta magana a kan kare ƙananan 'yan wasa daga ƙwararru. Na ce musu ranku ya daɗe, ku yi hukuncin da kuka ga dama, amma ku rubuta shi daidai. Ƙwararre ya san inda ƙwallonsa za ta sauka. Abin tsoro shi ne wanda bai sani ba, da kuma mai gyaran da ya yi fici don mutum ɗaya alhali ashirin da biyu za su hau. Na ce laifin ran nan nawa ne, ba na Salim ba. Kabiru, wanda shi ya fara tayar da maganar hanin, da aka zo ɗaga hannu sai ya naɗe nasa a ƙirji. Ya ce shi ya tsaya gaban jifa goma da ba zai sake ganin irinsu ba har ya mutu, ba zai iya cewa a hana wani ba, kuma ba zai iya cewa a ci gaba ba. Aka dai hana. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa ban yi musu ba. In kuka tambaye ni yau, zan ce a bar su su zo, amma da kayansu, kuma a kan fici mai ladabi. Sai dai na san wanda ya zo neman hanyar komawa sana'arsa ba zai sami abin da yake nema a kan irin wannan ba. Wannan kullin ban iya kwance shi ba har yanzu.

Yatsun sun haɗe, amma manuniya ta ƙi lanƙwasa. Litinin ɗin nan ta wuce, aka ɗauki wani. Ana gobe zai koma ƙasarsu ya zo fili da la'asar, ina naɗe tiyo. Na shirya maganganu da yawa na ban-haƙuri. Shi ya riga ni. Ya ce shi ya roƙa, ni na ba shi, kada in ƙara ɗora wa kaina. Ya ce in gaya wa Salim, wanda tun ranar bai sake zuwa wasa ba, cewa jifa ne mai kyau, ya dawo. Ya tambayi fici na huɗu, na nuna masa, na riga na aske shi tas. Ya daɗe yana kallo, ya ce jifa ashirin da huɗun nan su ne mafi kyau da ya taɓa yi, kuma ya gode Allah da ya sa a kan ƙasar kirki ya yi na ƙarshe.

Lokacin ma an hana musabaha saboda cutar. Ya juya zai tafi, sai ya dawo. Ya dubi hannunsa na dama da ke cikin bandeji, ya miƙo mini na hagu.

"Ka yi haƙuri, Chacha. Shi ya rage."

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa karɓar hagun mutum ba. Na saki tiyo, na kama shi da hannu biyu.